Yadda ake sassaƙa wa bindigar gado sabuwar ƙota da hannu

A gidajen maharba da na masu bindigar hawan Sallah, a cikin Sakkwato da ƙauyukan kewaye, ba a rasa tsohuwar bindigar toka wadda ƙarfenta ke nan garau amma iccenta ya gaji. Wata ta dare daga wuya, inda hannu ke kamawa, wata gara ta cinye mata gindi, an naɗe da waya ko da robar tayar keke ana lallaɓawa. Mai sha'awar aikin katako zai iya sassaƙa mata sabuwar ƙota a zaurensa, da kayan aikin da ba su fi cikin jaka ɗaya ba. Aikin icce kaɗai nake nufi. Ƙarfe da kunama da duk abin da ya shafi tashin wuta ba naka ba ne, na maƙerin da ke da izini ne.

Takarda tukuna

Dokar bindigogi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1959 kuma har yau ake aiki da ita, ta raba bindigogi kashi-kashi. Wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, kwamishinan 'yan sandan jiha ke da hurumin lasisinta. Ta farauta mai cin harsashi kuwa sai ofishin Sufeto Janar. Dokar ta kuma sa ƙira da gyaran bindiga a ƙarƙashin izini, don haka kafin ka kwance ko da sukuru ɗaya, ɗauki takardar bindigar ka je ofishin 'yan sanda ka faɗi abin da kake son yi, ka ji ta bakinsu. Idan babu takarda, maganar ta ƙare a nan. Kowa ya san halin da gabashin jihar nan ke ciki, wajen Isa da Sabon Birni da Goronyo, kuma ba mai hankalin da zai so a tare shi a shingen bincike da ƙarfen bindiga cikin buhu yana rantsuwar cewa shi masassaƙi ne. Wanda hannunsa ke ƙaiƙayin aikin amma ba shi da takarda, ya samo guntun bututun ruwa na ƙarfe ya koya a kansa. Duk darasin yana ciki, kuma ko mai takardar ma gara ya fara ɓata icce mai arha a kan bututu.

Na biyu, tabbatar babu komai a cikinta. Bindigar toka takan shekara da shekaru a rataye da ɗurinta, wanda ya ɗura ya rasu, magada ba su sani ba. Juya bakinta inda babu kowa, zura sandar ɗuri har ta tsaya, yi alama a daidai baki, sannan zaro ta ka gwada ta waje a jikin ƙarfen. Idan ba ta kai har gindin ƙarfen ba, akwai abu a ciki. Kada ka tona, kada ka kai ta kusa da wuta. Kira maƙeri.

Iccen da ya dace

Turawa da wani icce da ake kira wolnat suke yin tasu, saboda yana da ƙarfi ba tare da nauyi ba, kuma cizal na yankarsa sumul. A nan abin da ya fi kusa da shi maɗaci ne. Ja ne mai kyau, yana karɓar mai, gara ba ta cika damunsa ba, nauyinsa kuma kafaɗa za ta iya ɗauka. Ƙirya ta fi shi tauri nesa ba kusa ba, shi ya sa ake turmi da taɓarya da ita, maƙera kuma ke son gawayinta, amma za ta dasashe maka kayan aiki, kuma maharbin da zai wuni a daji da ƙotar ƙirya zai yi Allah wadai da kai. Marke yana da kyau a ƙotar fartanya, sai dai yana yawan tsagewa wajen bushewa. Maɗobiya ta fi duka kyan launi, amma an sare ta har ta yi ƙaranci, tun 2017 tana cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu, ni dai ba na ba da shawarar a neme ta. Malaina da gawo sun yi laushi. Dogon yaro zai yi wa mai koyo.

Nemi katako mai kaurin inci 2 da rabi, faɗin inci 7, tsawo kuma ya zarce tsohuwar ƙotar da inci 3 ko 4. Ya zama daga jan tsakiyar icce, ba farin gefen da ke kusa da ɓawo ba, don shi ƙwaro ke fara ci. Abin da za ka fi ƙura wa ido shi ne jijiyar iccen a wurin da wuya zai faɗo, wato siririn wurin da hannun dama ke kamawa. Nan ne ƙota ta fi rauni, nan ne kuma dukan harbi ke bi. Jijiyar ta bi tsawon wuyan ta wuce. Idan ta yanke shi a karkace, ko akwai kulli a wurin, ajiye katakon komai arharsa. Masassaƙan da sukan nemi reshe mai ɗan lanƙwasa irin ta ƙotar, wannan matsalar suke gudu.

Yanzu bushewa, inda yawancin aikin ke lalacewa tun ba a fara ba. Mai katako zai ce maka, "Wallahi Alhaji busasshe ne ƙarau." Ya bushe a waje, ciki da sauran ruwa. Ƙa'idar da masu aikin katako ke bi ita ce shekara guda ga kowane inci na kauri. Zafin Sakkwato yana rage wannan lokacin, amma da sharrinsa: idan ka jefar da katako a rana cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40, waje zai bushe ya bar ciki, ya tsattsage. Narka kyandir ka shafe bakinsa biyu, ko ka shafa tsohon fenti, ka ajiye shi a inuwa cikin ɗaki, a kan 'yan sanduna don iska ta bi ta ƙasa. Duk mako biyu ka ɗora shi a sikeli ka rubuta nauyin a jikinsa. Ran da ya daina raguwa sau uku a jere, ya yi. Mafi sauƙi duka, ka samu ƙafar tsohon gado ko dogarin tsohuwar ƙofa na maɗaci da ya shekara 20 a cikin ɗaki.

Kuma ka yi aikin da hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu. Icce yana kumbura da damina, ya tsuke da rani. Ƙotar da aka zaunar da ƙarfe a cikinta a watan Agusta, idan iskar hunturu ta buso za ta tsuke ta shaƙe ƙarfen, siraran gefunan su dare, sukurori su yi sako-sako. Wadda aka yi lokacin da iccen ya kai ƙarshen tsukewarsa, damina ba ta yi mata komai sai ɗan tashi kaɗan.

Kayan aiki da awo

Zarto, gizago, cizal mai faɗin baki guda biyu, babba da ƙarami, cizal mai lanƙwasasshen baki na haƙar rami, gudumar katako, magagari mai kaushi da mai laushi, abin huda katako na hannu, sukundireba, fensir, tef, kwali, samfefa, da dutsen wasa wuƙa. Idan ba ka samu cizal mai lanƙwasa a kasuwa ba, kai tsohon magagari unguwar Maƙera Assada a Sakkwato ka nuna musu kaurin ƙarfen, za su ƙera maka shi daidai. Wasa kowane baki har sai ya aske gashin hannunka. Dasasshen cizal ba ya yanka, murƙushe jijiya yake yi, kuma shi ne ke zamewa ya shiga tafin hannu.

Kwance bindigar a hankali, kana ɗaukar hoto da waya a kowane mataki. Sukurori da zobban da ke riƙe ƙarfe su shiga gwangwani mai murfi. Wanda tsatsa ta kama, ɗiga masa kananzir ya kwana. Kada ka yar da tsohuwar ƙota ko ta rabu biyu, haɗa ta da gam don ita ce za ta nuna maka hanya. Kwantar da ita a kan kwali ka zana gefenta, ka yanke, ka sa alamar kowace huda.

A nan za ka iya gyara ta ta dace da mai ita. Daga kunama zuwa ƙarshen gindi, yawancin manyan maza inci 13 zuwa 14 ke yi musu. Gwajin da aka saba shi ne mutum ya lanƙwasa hannu, ya sa gindin a cikin gwiwar hannunsa, ya ga ko gaɓar farko ta manuniya ta sauka a kan kunama. Ka tuna mai hawan Sallah da babbar riga da laya yake saɓa ta, maharbi kuwa da 'yar shara, don haka a gwada da kayan da za a sa. Saukar ƙotar daga layin saman ƙarfe, wajen inci 1 da rabi a inda kunci ke kwanciya, inci 2 da rabi a ƙarshe. Idan tsohuwar ta yi wa mai ita daidai, kada ka ƙara dabara, kwafe ta.

Goge saman katakon da gefe ɗaya su miƙe sosai, don daga nan duk awo zai tashi. Zana hoton kwalin a gefe, ka yanke da zarto kana barin rabin inci a waje da layi. Ja layin tsakiya a sama, ya zagaya ta ƙasa ya dawo. Duk lokacin da sassaƙa ta cinye layin nan, sake ja. Kada ka zagaye komai tukuna. Katako mai kusurwa huɗu ya fi daɗin matsewa a teburi, kuma idan ramin da ƙarfe zai zauna ya ɗan kauce kana da naman da za ka gyara.

Zaunar da ƙarfe

Wannan shi ne aikin, sauran duk ado ne. Ƙarfe ba ya canzawa, icce ne ke binsa, kuma ba idonka ne zai gaya maka inda za ka cire ba, baƙi ne.

Ɗora ƙarfen a kan layin tsakiya ka zana gefensa biyu da fensir mai tsini. Bi ta cikin layin da bakin wuƙa ka tsaga shi, don kada cizal ya ɓalle gefe. Fara haƙa daga tsakiya, rami siriri wanda bai kai faɗin ƙarfen ba, zurfinsa kuma ya kusa rabin kaurin ƙarfen amma bai kai ba. Bi jijiya. Idan ka ji cizal na nutsewa yana ɗaga ɓawo maimakon ya fitar da siririn tsiri, ka saɓa mata, juyo ta ɗaya ɓangaren. Maɗaci yana da wannan hali, jijiyarsa kan sarƙe, wani wurin sai ka yanka a gicciye.

Sai baƙin. Kankaro baƙin gindin tukunya, ka kwaɓa da ɗan basilin, ka shafa wa ƙasan ƙarfen da tsohon buroshin haƙori, shafawa ta sama-sama. Wasu kan kara ƙarfen a hayaƙin fitilar a-ci-bal-bal, kuma yana ba da alama mai kyau, amma ban ga dalilin haɗa tsohon ƙarfen albarushi da harshen wuta ba alhali tukunya na nan. Idan iccen ya yi duhu har baƙin ba ya fitowa, jan-baki na mata yana yi, a dai nemi izinin uwargida.

Saka ƙarfen a ramin a miƙe, kada ka murza shi. Ɗan buga shi sau ɗaya da gudumar katako, sannan ka ɗaga shi a miƙe. Duba ciki. Duk inda baƙi ya taɓa, nan ne icce ya tsaya wa ƙarfe a hanya. Kankare wurin, shi kaɗai, kaurin takarda. Inda babu baƙi kada ka taɓa, ko da idonka na ce maka ya yi tudu. Sake shafawa, sake sakawa, sake bugawa, sake kankarewa. Da farko ɗigo uku ko huɗu za ka gani. Sannu a hankali su yawaita, su haɗe, ƙarfen na sauka kaɗan-kaɗan. Za ka maimaita har ka gaji da ƙirga, kuma daidai lokacin da gajiya ta zo ne zuciya ke cewa a zurfafa cizal a huta. Ajiye aikin ka tafi masallaci, gobe ma rana ce. Abin da ka cire ba ya komawa.

Akwai tarko a gefunan ramin. Baƙin da ke fitowa a can saman gefe sau da yawa na shigar ƙarfe da fitarsa ne kawai. Idan ka bi shi kana kankarewa, za ka wayi gari da giɓi a dama da hagu wanda kowa zai gani. Fi mai da hankali ga ƙasan ramin, gefe kuwa sai ka ji ƙarfen ya cije da gaske. Idan ramin ya kusa, ajiye cizal ka koma kankara da ƙarfe mai zagayayyen baki, ko ka naɗa samfefa a sandar da ba ta kai kaurin ƙarfen ba. An gama idan rabin ƙarfen ya nutse, baƙi ya bazu tun daga gaba har baya, kuma ka danna kowane ƙarshe bai yi rawa ba. Ya shiga ya fita kamar takobi cikin kubensa, babu tilas, babu girgiza.

Wurin da ya fi kowane muhimmanci shi ne bangon da gindin ƙarfen ke jingina a kai. Duk ƙarfin harbi a nan yake sauka. Dole bangon ya miƙe, kuma baƙi ya rufe fuskarsa gaba ɗaya. Idan gefe ɗaya kawai ke taɓawa, nan dukan zai taru. Bayan bangon akwai 'yar wutsiyar ƙarfe da ke kwanciya a saman wuya, wadda sukuru ke bi ta cikinta. Zaunar da ita da baƙi kamar sauran, amma a can ƙarshenta bar 'yar tazara, kaurin farce. Idan ƙarshen wutsiyar ya tokari icce, kowane harbi zai mai da ita cizal, wata rana ta raba wuyan biyu. Je ka duba tsofaffin ƙotocin da suka dare, da yawansu daga nan tsagar ta faro.

Farantin gefe, wanda ke ɗauke da abin bugun wuta, shi ne na gaba, kuma matsayinsa daga ƙarfen ake ɗaukarsa, ba daga zanen kwali ba. Zana gefensa da wuƙa, ka zaunar da shi da baƙi, sannan ka haƙa wa kayan cikinsa gurbi gwargwadon abin da za su motsa ba tare da sun gogi icce ba. Kada ka faɗaɗa don neman sauƙi, wuya ne kake ragewa. Haka ramin kunama da mariƙinta ta ƙasa. Wajen huda kuwa, sa alama a ɓangarorin biyu, ka huda rabi daga nan rabi daga can da siririn baki su haɗu a tsakiya, sannan ka faɗaɗa. Doguwar hudar sandar ɗuri ita ce mai wuya. Idan tsohuwar ƙotar buɗaɗɗen rami gare ta ta ƙasa, yi irinsa ka huta.

Idan duk da haka giɓi ya fito, yanko siririn tsiri daga ragowar katakon, jijiya ta bi jijiya, ka manna da gam ɗin katako, ya kwana, ka sake zaunarwa. Ya fi cusa garin katako da gam, wanda ke yin baƙi ya tona asiri.

Fitar da siffa

Sai yanzu gizago zai shigo. Bar ƙarfen a ciki lokacin da kake aiki kusa da shi, don siraran gefunan su samu abin jingina, ka naɗe shi da tef kada magagari ya karce shi. Sare kusurwa huɗu su zama takwas, takwas su zama goma sha shida, sannan magagari ya zagaye. Yi dama da hagu bi da bi kana duban layin tsakiya. Kowane ɗan lokaci saɓa ta a kafaɗa, ka rufe ido, ka kwantar da kunci, ka buɗe. Idan idonka ya sauka a kan layin ƙarfe, wurin kunci ya yi. Wuya kuwa rage shi har hannu ya zagaye shi cikin daɗi ka tsaya. Masu koyo kan bar ƙota ta yi ƙiba a gaba don tsoro, su rame ta a wuya don kwalliya, alhali akasin haka ake so. Bar icce ya ɗan ɗara ƙarfe tsayi a duk inda suka haɗu. Ɗaura takunkumi, ƙurar maɗaci tana da ɗaci kuma tana sa atishawa.

Fasasshen gilashi yana kankare sawun magagari fiye da komai. Bayansa samfefa lamba 80, sai 120, 180, 220, kowace a naɗe a guntun katako don kada ta cinye kusurwoyi, kuma kullum a bi tsawon jijiya. Daga nan goga jiƙaƙƙen tsumma, ka bari ya bushe. Za ka ji gashin icce ya miƙe. Kwantar da shi da 320, ka maimaita sau biyu.

Mai da fata

Man linsid dafaffe, wanda masu sayar da fenti ke ajiyewa, shi ne abin shafawa. Baƙin man mota yana ruɓar da icce. Man gyaɗa ba ya bushewa, sai wari da kiran tururuwa. Shafin farko a sirka shi da ɗan tafentain don ya shige, a shafe ko'ina har cikin ramin ƙarfe da gurabun faranti da ƙarshen gindi, inda icce ya fi shan ruwa. Bayan rabin awa goge duk abin da bai shige ba. Daga nan ɗigo kaɗan a tafin hannu, a murza har wurin ya yi ɗumi, a rataye a ɗakin da ƙurar hunturu ba ta shiga, a ba shi kwana ɗaya ko biyu. Shafi 6 zuwa 10 zai ba ka ƙyalli mai zurfi wanda ba ya ɓarewa irin na banish. Tsumman da ya sha linsid kada a dunƙule shi a jefa lungu, yana iya kama wuta da kansa. A shanya shi a buɗe a ƙasa, ko a tsoma a ruwa.

Ƙarshen gindi yana son kariya daga ƙasa. Kai wa dukawa su yanka maka fatar sa mai kauri daidai faɗinsa, su lulluɓe da jar fatar akuyar nan da aka san Sakkwato da ita, su kuma ɗinka maratayi. Masu son ƙusoshin tagulla na ado su fara huda wa kowace gurbi, kuma su nisanci wuya.

Wajen mayarwa, ɗaure sukurori su kama, ba sai ka murɗe da ƙarfin tsiya ba. Kafin a zuba mata ko ƙwayar albarushi, kai ta wurin maƙerin ya duba cewa kunama da abin bugun wuta suna motsi ba tare da icce ya taɓa su ba, kuma ƙarfen da kansa yana da sauran lafiya. Rataye ta a kwance a kan turaku biyu, nesa da bangon da ke jiƙa da kuma hannun yara, ba a jingine a ƙasan ɗaki inda gara za ta same ta ba. Idan damina ta kankama ka sake duba sukurorin, hunturu ya dawo ka sake dubawa, ka ƙara mata shafin mai ɗaya.